Tambaya da Amsa: Wai mai gangar nan ɓata ya yi, ko haka kiɗan yake?

Jama'a salamu alaikum. Wannan karon saƙonni sun taru kan abu guda, wani tsohon faifai na wani makaɗin Amurka mai suna Sunny Murray da ya shiga yawo a wayoyin samarin Damagaram ta WhatsApp, wannan ya tura ma wancan har ya kai kunnen dattawa. Na rage tsawon wasu saƙonnin saboda fili, a yi mani afuwa.

TAMBAYA, daga wani matashi a Zango: Salam Malam ina wuni ina gajiya. Ni ina buga bateri, wato jerin gangunan nan na zamani, a wani ɗan orkes, biki da suna muke zuwa. Yayana da ke karatu a Faransa ya turo mani wani faifai wai shi Hommage to Africa, yace tunda ni makaɗi ne in saurara in ƙaru, wai mai gangar shine shugaban tawagar. Malam wallahi na kunna a fada muna shan shayi, ba a je ko'ina ba abokai suka ce in kashe, wani yace wayata ce ta lalace wani yace mutumin ya sha wani abu ne. Ni kaina na nemi inda zan kaɗa ƙafa ban samu ba. Shin mutumin ne bai iya ba ko ni ne ban gane ba? kuma ta yaya mai ganga zai zama shugaba alhali mu nan a baya ake ajiye mu, mai waƙa ke gaba, ko liƙi ma shi ake ma.

AMSA: Ƙanena lafiya lau. Wayarka ƙalau take, kar ka kai ta wajen mai gyara ya ci maka jika biyu a banza. Mutumin kuma ya iya. Abin da ka nema ka rasa, wato ƙirgen nan na ɗaya biyu uku huɗu da ƙafa ke bi, da gangan ya ajiye shi, kuma ajiyewar nan ita ce dalilin da har yau ake kiran sunansa.

Bari in faro maka daga baya kaɗan, don wannan kiɗan reshe ne na kiɗan da ake ce ma jaz. Jaz ya taso ne a birnin New Orleans farkon shekarun 1900, kuma yana da tsari mai tsauri. Ana da waƙa mai gaɓa 12 ko 32, a busa ta sau ɗaya kowa ya ji, daga nan kowane mai busa ya shigo yana ƙirƙirar nasa nan take amma bisa wannan zagayen, in zagayen ya ƙare a koma farko. Aikin mai ganga shine ya riƙe masu taku kar wani ya zarce. Kai ma aikinka kenan a gidan biki, in ka saki mata sun tsaya da rawa sun juyo suna hararar ka. A shekarun 1940 su Kenny Clarke da Max Roach suka ɗan sassauta abin, suka ɗauke ƙirgen daga babbar gangar ƙafa suka mai da shi kan babban farantin ƙarfen nan da hannun dama ke bugawa, sai ƙafa da hannun hagu suka samu sarari suna jefa bugu inda ba a zata ba. Amma dai ƙirgen na nan daram.

Sai ga Ornette Coleman mai busa sakso ya iso New York a 1959 ya tayar da ƙura. A watan Disamba 1960 ya tara mutum takwas a sutudiyo, ƙungiya biyu mai mutum hurhuɗu, kowace da mai gangarta, ɗaya na fita a lasifikar hagu ɗaya a ta dama, suka yi wajen minti 37 ba tsayawa, aka sa ma faifan suna Free Jazz, to daga nan sunan ya bi salon gaba ɗaya. Amma ko a wannan faifan in ka kasa kunne za ka samu inda za ka kaɗa ƙafa, don masu gangar, Billy Higgins da Ed Blackwell, ba su saki takun ba. Zagayen waƙar ne Ornette ya watsar. Wanda ya watsar da ƙirgen kansa, cikin na farko-farko, shine mutumin naka.

An haifi Sunny Murray a 1936 a jihar Oklahoma, ya girma a Philadelphia, ya rasu a Paris a Disamba 2017. Yana saurayi ya faɗa hannun Cecil Taylor mai fiyano, mutumin da in ya fara zubo bugu ba ya tsayawa inda huɗu ta cika, wani lokaci ya ja da tsawo wani lokaci ya yanke, ya yi cak ya sake kwararowa. Duk mai gangar da ya tsaya yana ƙirga masa huɗu huɗu cikas kawai zai zamar masa. Sai Murray ya bar ƙirga ya koma bin mutumin kansa, in Taylor ya hau ya hau tare da shi, in ya sauka ya sauka. An ɗauki wasansu a Copenhagen a 1962 kuma ana jin canjin ƙarara. A 1964 kuma ya yi faifan Spiritual Unity da Albert Ayler mai sakso, su uku kacal da mai bas, a nan ne salon ya nuna sosai har sauran masu ganga suka fara kwaikwayo.

To yanzu in za ka sake kunnawa, kai makaɗi ne, bi hannuwansa ɗaya bayan ɗaya. Farantan ƙarfen ba tin-tin-tin suke yi ba, wani shhhh ne dogo da ba ya yankewa, yana kumbura yana sacewa. Ƙaramar gangar nan mai waya a ƙasa tana jefo bugu jefi-jefi, sau da yawa daidai inda mai busa ya tsaya jan numfashi. Gangar ƙafa kuma sai ta ga dama. In ka ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa a faya-fayensa, bakinsa ne, ya saba yin haka yana cikin bugu. Lokacin na nan bai ɓace ba, sai dai ba a yanka shi daidai wa daida ba, numfashin masu busa ne ma'auninsa.

Kuma ai kana da kunnen jin irin wannan, ba ka sani ba ne. Ka tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni ranar hawan salla. Masu kakaki na nasu, masu algaita na nasu, can ga masu gangar wani basarake sun taho da nasu taken, ga ƙarar kayan doki ga guɗa ga maroƙa na ta kwarara kirari, ba wanda ke ƙirga ma wani amma ba ka taɓa cewa shirme ne ba, kunnenka da kansa yake zaɓar ɗaya ya bi ya saki ya kama wani, kuma in Mai Martaba ya matso sai ka ji abin duka ya tashi tare. Da wannan kunnen ake sauraron faifan. Kunnen gidan biki ba zai yi ba. Kuma fada wurin hira ne da gardamar ƙwallo, ka same shi kai kaɗai da dare.

Maganar shugabanci kuwa, shi ya tsara ƴan waƙoƙin da ake farawa da su, shi ya zaɓi mutanen, sunansa ne a bangon faifan. Amma abin ya fi nan. Tunda babu zagayen da zai gaya ma kowa ga inda za a tsaya, to mai ganga ne ke riƙe da zafin wasan, in ya cika wurin da ƙara dole masu busa su ɗaga murya, in ya janye hannu sai ka ji kowa ya lafa ba tare da an ce uffan ba. Kuma ba shi ya fara ba, Art Blakey ya ja ƙungiyarsa ta Jazz Messengers daga tsakiyar shekarun 1950 har rasuwarsa a 1990, daga bayan ganga. Nan gida ma kar ka rena kanka, je filin kokawa ka ga wa ke tsuma ɗan kokawa kafin ya shiga, ko ranar hawan ƙaho ka ga ko mahauci zai tunkari sa ba kalangu a bayansa. Zancen liƙi dai wannan tsakaninka da mai waƙarku ne, ku zauna ku yi tsada tun kafin a tafi.

Abu ɗaya don Allah: kar ka gwada wannan salon a bikin mutane. Kuma kar ka ɗauka gajeriyar hanya ce ga wanda bai iya riƙe taku ba, waɗanda suka saki ƙirgen sai da suka iya shi tukuna.

TAMBAYA, daga wani tsohon malamin lakwal a Birni: Ɗana barka da aiki. Jikana ya sa mani wannan faifai, na ga sunansa yana nufin girmama Afirka. Ni na tashi cikin kiɗa, na san tambari na san kalangu na san gangar noma, na ji Ma'azu Ɗan Alalo. Na saurara har ƙarshe don kar in yi hukunci da ka, ban ji Afirka a ciki ba ko kaɗan. Shin wannan ba cin fuska ba ne, mutum ya yi hargowa ya laƙaba mana?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma ya ja kwana. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, wannan ba kiɗanmu ba ne, kuma ni ba na tare da masu cewa wai ai asalinsa namu ne don kawai a faranta mana. Kiɗanmu ginin zagaye ne, akwai uwar kiɗa da ke maimaituwa ba fashi, ƴan ƙananan ganguna na cike mata, sannan babban makaɗi ya hau kai yana magana. Kuma magana ce ta gaske, mai kalangu na matse tsirkiya a hammata yana saki don sautin ya bi hawa da saukar kalmomin Hausa, shi ya sa wanda ya sani zai gaya maka taken wa ake yi tun daga nesa. Murray ba shi da zagayen, ba shi da kalmomin. Don haka wanda ya zo neman wannan dole ya koma hannu rabbana.

Sai dai cin fuska kam ban ɗauke shi haka ba, in ka ji yadda aka yi faifan. A watan Yuli 1969 aka yi babban bikin al'adun Afirka na farko a birnin Aljiyas, lokacin Boumediene na mulkin Aljeriya, nan gida kuma Diori Hamani. Su Miriam Makeba da Nina Simone duk sun je. Cikin baƙin akwai Archie Shepp mai sakso da tawagarsa, kuma Sunny Murray ne mai gangarsa, suka hau dandamali tare da makaɗan Aljeriya da Abzinawa aka yi ta yi. Da aka watse sai suka wuce Paris, inda wani ƙaramin kamfanin faifai na Faransa mai suna BYG ya dinga shigar da su sutudiyo ɗaya bayan ɗaya cikin watan Agusta, wannan ya yi shugaba yau gobe ya zama ɗan rakiyar wancan. Cikin wannan zafin aka ɗauki Hommage to Africa, ƴan makonni bayan mutumin ya taka ƙasar Afirka. Fuskar farko ta faifan taron mutum sama da goma ne, har da Shepp ɗin da Lester Bowie da Roscoe Mitchell na ƙungiyar Art Ensemble of Chicago, fuska ta biyu kuma an rage yawan mutanen.

Kuma Baba ka duba su waye. Jikokin bayi ne da aka raba da yare aka raba da suna, har gangar ma aka raba su da ita, a South Carolina bayan tawayen bayi na Stono a 1739 dokar da aka kafa a 1740 ta hana bayi ganga da ƙaho don kar su kira juna da su. New Orleans na cikin ƴan wuraren da aka bar su suna taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa a filin da ake kira Congo Square, to ka ga ba banza ba jaz ya fito daga can. Sannan ka ɗora shekarun da ake ciki, an kashe Malcolm X a 1965 an kashe Martin Luther King a 1968, ga ƙasashenmu kuma sun karɓi ƴancin kai ana ta ɗaga tuta. Mutum a wannan hali in ya ce Afirka ba kiɗan wani gari yake nufi ba, gaisuwa ce yake aikowa dangin da bai san gidansu ba, da muryar da yake da ita. Ni gaskiya na fi ganin mutuncin wannan bisa wanda zai ari ganga guda ya ajiye a gefe don hoto yace ya yi kiɗan Afirka.

Inda zan ba ka gaskiya kuma, mutanen wancan zamanin da yawa sun ɗauki Afirka gari guda, ba su bambance Bahaushe da Bazulu, kuma faya-fayen da aka yi a wannan watan cikin gaggawa aka yi su, sauti wani wuri ya cakuɗe ba ka ware wannan daga wancan. Ni fuskar farko ce ke riƙe ni, yadda take farawa a hankali da ƙararrawa da ƙananan kayan bugu kafin masu busa su taso. Ta biyun ba kullum nake kai ƙarshenta ba.

In kana son inda hannun ƴan Afirka ya shiga da gaske, jikan naka ya nemo maka The African Beat na Art Blakey na 1962, akwai Solomon Ilori ɗan Najeriya da gangarsa mai magana irin ta Yarbawa, ƴar'uwar kalangunmu. Blakey ɗin ma ya musulunta, ana ce masa Abdullah Ibn Buhaina. Ko We Insist! na Max Roach na 1960 da Babatunde Olatunji ya buga a ciki, wanda ƙarshensa makoki ne na mutanen da aka harbe a Sharpeville ta Afirka ta Kudu a watan Maris na wannan shekarar.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Sabon Gari: Malam don Allah a taimaka. Maigida ya samo wannan kiɗan kullum bayan isha'i sai ya kunna, akwai wata mata a ciki ba waƙa take ba ba kuka take ba, yara har tsoro suke ji. Maƙwabciyata tace kiɗan bori ne na turawa. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, ba bori ba ne. Ai kiɗan bori ma ya fi wannan tsari nesa ba kusa ba, kowane iska da takensa, mai garaya ko mai goge da masu ƙwarya ba sa kuskure shi. Matar da kike ji sunanta Jeanne Lee, ƴar New York ce, an haife ta 1939 ta rasu 2000, ƙwararriyar mawaƙiya ce kuma marubuciyar waƙa, in ta so rera waƙa mai kalmomi tana yi da daɗi. A nan dai ta mai da muryarta abin busa ne cikin sauran abubuwan busa, shi ya sa ba ki jin kalma. Hukuncin sauraron kiɗa a addini wannan na malamai ne ba nawa ba. Amma batun yara suna firgita da dare kina da gaskiya ɗari bisa ɗari, ki lallaɓa maigida cikin hikima ya sayi abin sa wa a kunne, a Kasuwar Dole ba zai rasa mai sauƙin kuɗi ba, kuma ki gaya masa ni na ce ta nan ma zai fi jin farantan ƙarfen da kyau, lasifikar waya cinye su take yi.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a jami'ar André Salifou: Yaya ni abin ya burge ni amma ya yi mani nauyi. Daga ina zan faro, kuma akwai ɗan Afirka mai ganga da ya yi irin wannan da sunansa?

AMSA: Ɗan'uwa faro daga inda ƙafa ke samun wurin taka. Nemi The Source na Tony Allen na 2017, mai gangar Fela Kuti ne na shekaru, ɗan Legas, ya rasu a Paris a 2020, jaz ne amma jikinka zai motsa. Daga nan Moanin' na Art Blakey na 1958 don ka ji yadda zagayen da na yi bayani a sama yake aiki, in ba ka san abin da aka rushe ba ba za ka gane rushewar ba. Sannan Max Roach, sannan ka dawo ma Murray.

Ɗan Afirka kuwa akwai Louis Moholo na Cape Town, wanda ya bar Afirka ta Kudu a 1964 da ƙungiyar Blue Notes saboda mulkin wariya ya hana baƙi da fari wasa tare, ya zauna London. Faifansa Spirits Rejoice! na 1978 firi jaz ne sosai, wato salon Free Jaz ɗin nan, amma cike yake da waƙoƙi masu kama da na coci da na unguwannin baƙaƙen fata na can, ka ji an hargitse an hargitse sai kuma waƙa ta ɓullo kowa ya kama. Ina ga Baba na Birni ma zai fi jin Afirka a wannan.

In duk ka wuce waɗannan kana neman ƙari, sai Milford Graves, ɗan New York da ya rasu a 2021, mutumin da ya cire fatar ƙasa ta gangunansa don sautin ya buɗe, ya kuma shafe shekaru yana ɗaukar bugun zuciyar mutane da na'ura yana nazari, hujjarsa ita ce zuciya mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida irin na agogo, don me ganga za ta yi. Faifansa Bäbi da ya fito 1977 shi ne da masu sakso biyu, ba fiyano ba bas, kuma Hommage to Africa a gefensa sanyi gare shi. Ka sauke shi inda rezo ke da ƙarfi, kuma kar ka kunna a ɗakin kwanan ɗalibai lokacin jarrabawa.